Nas ɗin da ke tsaye a kan mai cire ciki, wa ke tsaye a kanta?

Autar Nas:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya mini a wuya, yau kwana huɗu. Watana bakwai da fara aiki a ɗakin mata. Daren Talata aka miƙa mini wata baiwar Allah, cikinta mako 21, hoto ya nuna yaron ba shi da ƙoƙon kai, ƙwaƙwalwar ba ta haɗu ba. Likitoci sun duba, sun zauna da ita da mijinta, an tsaya a kan a cire. Duk takardar da ya kamata a sa wa hannu an sa. Tun da rana aka fara ba ta maganin tayar da naƙuda, misoprostol, wanda muke ce wa miso, likita ya rubuta nasa ya tafi. Wadda na karɓa a hannunta cewa kawai ta yi "gado na shida miso ce, ki riƙa leƙa ta", ta saɓa jakarta. Iyakar bayanin ke nan.

Wajen uku saura na dare naƙuda ta kankama. Abokiyar aikina tana can kan wata mai jijjiga, ba halin ta motsa. Da abin ya fito wallahi hannuna rawa yake, na rasa inda zan ajiye. Abin da ke kusa da ni ɗan kwanon nan ne na silba mai siffar ƙoda, a ciki na sa, na ja tawul na rufe. Sai matar ta ce, murya can ƙasa, "Sista, mace ce ko namiji?" Na yi shiru. Ta ce "zan iya gani?" Na ce bari in tambayo. Na fita da kwanon, na tsaya a ɗakin wanke kaya ina hawaye, alhali babu wanda zan tambaya. Har na tashi aiki ban koma mata da amsa ba.

A makaranta an koya mana sunan magani da abin da doka ta ce, mun rubuta mun ci. Ba wanda ya taɓa gaya mini zan riƙe abu mai yatsu a tafin hannuna. To ina tambaya: a wurarenku akwai horon da ake ba nas kafin a tsayar da ita kan irin wannan? In an gama kuma, akwai mai ce muku yaya kuka kwana?

Anti Metiron:
Wa alaikumus salam ƴata. Sannu. Kafin komai ki sauke wannan laifin daga kanki, ba naki ba ne. Wadda ta miƙa miki mai mako 21 da kalmomi kaɗan ita ce ta fara kuskure, sai kuma wadda ta tsara jadawali ta bar ƴar wata bakwai a kan wannan gadon da dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayar gani ko rashin gani tun da rana ake yi wa mace ita, kafin ciwo ya zo, a rubuta a fayil ɗinta: tana so ta gani? tana so ta riƙe? su za su tafi da shi ko asibiti? Da kin buɗe fayil kin tarar da amsa, da ba ki tsaya a ɗakin wanki ba.

Malam Nas:
Da girmamawa Anti, ni ina ganin muna shagwaɓa yaran nan. Aikin jinya ya gaji haka. Mu da ke ɗakin haɗari kullum cikin ganin abin da ya fi wannan muke, mu wanke hannu mu ci gaba. In kowace gawa sai an zauna taro a kanta, yaushe za a yi aikin? Ƙanwata ki daure, nan da shekara biyu ba za ki ji komai ba.

Ungozomar Dare:
Malam, wannan "ba za ki ji komai ba" ɗin shi ne ciwon, ba shi ne maganin ba. Na yi aiki da waɗanda suka daina jin komai. Su ne masu ce wa yarinya tana murƙususu "lokacin da kike jin daɗin ai ba ki kira mu ba". Su ne masu jinkirta allurar ciwo wai don ta ji a jikinta. Ba haihuwarsu aka yi da mugunta ba, barin su aka yi su kaɗai shekara da shekaru har zuciya ta bushe.

Kuma ɗakin haɗari daban. Kai mutum aka kawo maka a farfashe, kana ƙoƙarin ceto, in ya tafi ka san ka yi iyakar yinka. Ita kuwa da hannunta ta ba da maganin da ya kawo ƙarshen cikin. Ko da dalilin a fili yake kamar na wannan matar, zuciya sai ta yi tambaya.

Malam Nas:
Na ji wannan bambancin, ban yi tunaninsa haka ba. Amma ina nan kan bakata cewa juriya ma ana koyon ta.

Uwar Biyu:
Ni bari in faɗi abin da na san wasu na ɓoyewa a ransu. Ba na sa hannu a cire ciki, ban taɓa ba, kuma na sanar da shugabata a rubuce tun ranar da aka kai ni ɗakin. Imanina bai ba ni ba. To in ana maganar horo, ina tsoron kada ya zama hanyar lallaɓa mutum har ya bar abin da ya yarda da shi. Na taɓa zuwa wani taron bita, kwana biyu ana juya mu, daga ƙarshe na gane so ake mu ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne a wurina.

Ɗaliba Aji Uku:
Anti Uwar Biyu, don Allah tambaya, ba gardama ba. In an kawo wadda ta riga ta sha wani abu a gida tana zubar da jini, ita ma ba kya taɓa ta?

Uwar Biyu:
Haba ƙanwata, wannan ai ceton rai ne. Ita ce ma farkon wadda zan ruga wa. Na sa ruwa, na ɗebi jini a kai gwaji, na shirya kayan wankin ciki. Abin da ta yi tsakaninta da Ubangijinta, ni jini nake gani yana zuba. Abin da ba na yi shi ne in fara da hannuna.

Malamar Jinya:
Na ji daɗin tambayar ɗalibar nan, don a nan ne mutane suka fi rikicewa, kuma a aji ba ma tsayawa a kai yadda ya kamata. Layin da Uwar Biyu ta ja ba ita kaɗai ta ja shi ba. A Birtaniya dokar 1967 ta ba ma'aikacin lafiya damar ya ƙi sa hannu saboda abin da ya yarda da shi, amma ta cire halin da ran matar ke cikin haɗari. A 2014 ƙarar wasu ungozomomi biyu na Glasgow ta kai har kotun ƙoli, suna cewa ko raba aiki da kula da masu yin aikin ba za su yi ba. Kotu ta ce damar ƙin ta tsaya ne kan sa hannu kai tsaye, ba ta kai ga shugabancin ɗaki ba. Wasu ƙasashen kamar Suwidin ma ba su ba ungozoma wannan damar ba sam. Wato kowace ƙasa da inda ta ja nata layin, kuma wajibi ne nas ta san na inda take aiki, da bakin dokar, ba da jita-jitar ɗakin shan shayi ba. Na ga nas ɗin da ta ƙi taɓa mai ɓari don tsoron kada a kama ta, alhali babu dokar da ta hana kula da mai ɓari. Tun taron Alƙahira na 1994 ƙasashe suka amince cewa ko mece ce dokar zubar da ciki a wuri, macen da ta samu matsala bayansa tana da haƙƙin a kula da ita.

Game da taron bita kuma, Uwar Biyu, in an yi shi da gaskiya ba don a canja miki ra'ayi ba ne. Don ki san inda kika tsaya ne tun kafin ƙarfe ukun dare, kuma abokan aikinki su sani, a tsara jadawali da sanin haka. Wanda kika je mai gabatarwar ce ta ɓata shi.

Uwar Biyu:
To in haka ne ba ni da ja. Amma a faɗa wa masu shirya tarukan, mu ma mutane ne. Kuma akwai wata cutar da ake yi wa waɗanda suka yarda: da zarar an san wance ba ta ƙi, shi ke nan duk mai cire ciki ita za a tura wa, wata da watanni. Har a riƙa yi mata wani suna a bayan ido. Ina da ƙawa da ta bar ɗakin mata gaba ɗaya saboda haka. Ni da na ƙi ma na ga rashin adalcin.

Ungozomar Dare:
Wannan gaskiya ne, ni ce irin wancen a wurinmu. A gida ma ba na faɗin wannan ɓangaren aikin. In an tambaye ni sai in ce haihuwa nake karɓa.

Bari in koma kan Auta, don ban da zuciya akwai abin hannu da ya kamata a ce an nuna mata. Cikin da ya wuce wata uku ba irin na farkon ciki ba ne, naƙuda ce sosai, kuma takan zo bagatatan. Mace tana cewa tana jin fitsari ko bayan gida, kafin ki juya ya fito. Shi ya sa ba a barin ta ta shiga banɗaki ita kaɗai in ciwo ya matso, kuma kaya suna shirye a gefen gado tun farko: ƙaramin zane mai laushi, abin ɗaure cibiya, safar hannu, maganin tsuke mahaifa. Bayan ya fito aikin bai ƙare ba, don a wannan matakin mabiyiya ta fi yawan maƙalewa, a nan jini ke ɓallewa. Ki duba ta fita duka, ki shafa mahaifa ki ji ta dunƙule. In matar tana da tabon tiyatar haihuwa a baya sai an ninka sa ido, don mahaifa na iya tsagewa, kuma gwargwadon girman ciki gwargwadon yadda mahaifa ke saurin amsa misoprostol, shi ya sa awon maganin ba ɗaya ba ne a kowane mako. Ba abin da nas za ta yi da ka ba ne, a bango ya kamata a manna shi.

Sai abin da ba a son faɗa. Daga wajen mako 20 zuwa sama wani lokaci yakan fito da ɗan motsi ko ya ja numfashi na ɗan lokaci. Ranar da na fara gani na kusa faɗuwa. Dole a gaya wa nas tun kafin ta gani, a gaya mata abin da za ta yi: ta naɗe shi, ta ɗumama shi, ta kira likita, kada ta bar shi a kwano. Iyayen ma a shirya su.

Autar Nas:
Anti wallahi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a gaya mini ba. Allah ne ya rufa asiri mabiyiyar ta biyo da kanta.

Ɗaliba Aji Uku:
Mu awa biyu aka yi mana a kan wannan babin gaba ɗaya, rabi ma a kan doka. Malamin da ya zo wurin sai ya yi ta sauri kamar ana korarsa.

Malamar Jinya:
Ban musa ba, mu malamai ma kunyar babin muke ji, kuma ga sakamakon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana zubar da ciki kusan miliyan 73 a duniya duk shekara, kuma kusan kashi 45 cikin ɗari ba ta hanyar da ke da aminci ba. Ma'ana ko kina so ko ba kya so, matan nan za su iso gadonki. Jagorar da hukumar ta fitar a 2022 ta ce nas da ungozoma da aka horar za su iya ba da maganin a farkon ciki, su kuma yi wankin ciki da sirinjin zuƙa kafin mako 14, ta kuma ce a bar kankare mahaifa da ƙarfe. Afirka ta Kudu tun dokarta ta 1996 ta ba ungozomomi masu horo wannan aikin a mako 12 na farko. Kun ga aiki yana ta gangarowa daga hannun likita zuwa namu, amma horon bai biyo shi da saurin da ya zo ba.

Abubuwan da nake so kowace ɗaliba ta fita da su ba masu wuya ba ne. Misoprostol kan kawo rawar ɗari da zazzaɓi da gudawa a ranar da aka sha, wannan ba abin tsoro ba ne, amma zazzaɓin da ya kwana ya wuni ko ruwa mai wari alamar ƙwayar cuta ce. Mace ta jiƙa audugar mata biyu manya a awa ɗaya, awa biyu a jere, wannan jini ya yi yawa. Maganin ba ya taɓa cikin da ya zauna a wajen mahaifa, don haka mai ciwon gefe ɗaya da jiri kada a ce mata ta jira. Maganin ciwo ba alfarma ba ne, tun farko ake bayarwa, irin su ibuprofen, a ƙara da mai ƙarfi in ya ƙi. Mai jinin Rh nagatif da cikinta ya kai mako 12 zuwa sama a tuna da allurar anti-D, mai kare cikin da za ta ɗauka nan gaba, cikin awa 72. Kuma wani cikin na iya shiga cikin mako biyu, kafin ma ta ga al'ada, don haka maganar tazara kafin sallama ake yin ta, in tana so.

Baƙuwa a Gidan:
Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa magana ba. Ni ma nas ce, amma yau a matsayin wadda ta kwanta a gadon zan yi magana. Shekara shida da suka wuce aka cire mini na mako 19, ruwa ya fashe, zazzaɓi ya shiga, aka ce in an jira ni ma zan tafi. A ɗakin masu jego aka kwantar da ni, labule ne kawai tsakanina da mai shayarwa. Duk daren kukan jariri nake ji. Kwana uku da komawa gida nono ya cika ya yi tauri, rigata ta jiƙe, na zauna a ƙasa ina kuka, don ba wanda ya gaya mini zai zo, balle a ba ni cabergoline ya tsayar da shi. Ni da nake ma'aikaciya ke nan.

Abin da na riƙe daga wannan daren ɗaya ne. Wata dattijuwar nas ta zo ta zauna a bakin gadon, ba ta ce "Allah zai ba ki wani" ba, ba ta ce "gara da aka yi haka" ba. Cewa ta yi "namiji ne, na naɗe shi, yana nan. In kin so gani ki gaya mini, in ba ki so ba ma daidai ne." Sai da asuba na ce ta kawo. Ta rufe inda ya kamata ta rufe, ta nuna mini ƙafafunsa.

Auta, matar nan ba ta tsane ki ba. Ta ga yarinya ce ke, ta ga hannunki na rawa. Amma tambayarta tana nan, kuma amsar tana hannunki.

Autar Nas:
Yaya kin sa ni kuka kuma. Mace ce. Na gani kafin in rufe.

Anti Metiron:
To ai za ta dawo a duba ta. Ki sami shugabar ɗakinku ki ce kina so ki kasance a wurin ranar. Kada ki fara da dogon ban haƙuri, ki ce mata kin tuna ta yi miki tambaya a daren, in har yanzu tana son amsa kina da ita. Ki bar ta ta zaɓa. Sannan ki tabbatar likita ya yi mata maganar ƙwayar bitamin ta folik asid, don mai irin wannan tarihin akan ba ta awo mai yawa fiye da na sauran mata, kuma tun kafin ta sake ɗaukar ciki ake farawa, saboda wurin da ƙwaƙwalwar yaro ke haɗuwa yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma san tana da ciki ba.

Malam Nas, dawo nan, ban gama da kai ba. Zaman da kake rainawa ba taron kuka ba ne. Lokacin da nake riƙe da ɗaki, duk wadda ta karɓi irin wannan ba ta tafiya gida sai mun zauna minti goma: me ya faru, me ya tafi daidai, me ya ba ki tsoro, kin iya kai kanki gida? Bayan kwana biyu in sake neman ta. Sabuwa kuma ba ta tsayawa ita kaɗai sai ta yi uku tare da babba. Ban kashe ko sisi a kai ba, jadawali kawai na gyara, na kuma daina tura wa mutum ɗaya.

Malamar Jinya:
Abin ma yana da suna a karatu. Wani masanin falsafa a Amurka, Andrew Jameton, ya bayyana shi a 1984 a kan nas-nas: ƙuncin da mutum ke shiga in ya san abin da ya dace amma yanayin wurin aiki ya ɗaure masa hannu. Auta ta san bai kamata ta bar matar ba amsa ba, amma ba horo, ba babba, ba ko zanen naɗewa. A Boston kuma tun shekarun 1990 wasu asibitoci suka fara zaman wata-wata na awa ɗaya, ma'aikata kowane mataki, ba don binciken kuskure ba, don faɗin yadda aiki ya taɓa su. Ya bazu har Birtaniya.

Malam Nas:
Anti na dawo. Minti goma ba zai gagara ba. Gaskiya akwai wani yaro da ya rasu a hannuna shekara huɗu ke nan, har yau in na bi ta gaban gadon sai na kau da kai. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Amma ku sani in shugaba ba irin Anti ba ce, zaman nan zai koma wurin neman mai laifi, kowa ya kama bakinsa.

Ungozomar Dare:
Shi ya sa ba a haɗa shi da zaman binciken mace-mace. Kuma ba a rubuta sunan kowa.

Uwar Biyu:
Auta, ko da yake ba na ba da maganin, naɗe yaro da zama da uwa ina yi, kuma na iya. In akwai irina a ɗakinku kada ki ɗauka ba za ta taimaka ba, ki tambaye ta. Sau da yawa mu ma jira muke a tambaye mu.

Ɗaliba Aji Uku:
Malama, za a iya samun jerin nan da Anti Ungozoma ta faɗa a rubuce? Wata mai zuwa za a kai mu ɗakin mata.

Malamar Jinya:
Zan haɗa da nawa in turo, amma ki kai wa shugabar ɗakin ta daidaita shi da ƙa'idar asibitinsu kafin ki yi aiki da shi.

Autar Nas:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi wa shugabarmu magana ɗazu, ta ce matar Alhamis za ta dawo, ta kuma amince in tsaya. Maganar zama bayan aiki ta ce sai ta yi tunani, ma'aikata sun yi kaɗan. Yau ma dare nake. Na yanko ƙananan zannuwa guda huɗu daga wani tsohon zanen gado mai laushi, na wanke na goge, suna cikin durowar gado na shida.

Ungozomar Dare:
Ki kai su a gasa su tare da kayan haihuwa tukuna. Ni ma ina dare, wayata a kunne take.